Rawar Motar Yaya

Shekararsa hamsin da uku, furfura ta cinye rabin gemunsa, jikokinsa biyu, amma har yau Auta ake ce masa. Yayansa ne ya hana sunan mutuwa. Ko gareji ya cika da masu mota, sai ka ji daga bakin ƙofa an ɗaga murya, "Ina Autan gidanmu?" Tun yana jin haushi har ya bari. Yanzu mai faci da ke maƙwabtaka da shi ma Auta yake ce masa.

Garejin ba wani babba ba ne. Rumfar kwano ce da rami ɗaya da teburin ƙarfe, sai sifanu jere a bango, kowace da ƙusarta. Shi kaɗai yake aikinsa. Ya gwada zama da abokan aiki bai iya ba, don shi ba ya shiri da mutumin da zai ɗauki sifana sha huɗu ya rataye ta a ƙusar sha bakwai. Bai yi karatu mai nisa ba, ba shi kuma da na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Jikinsa ne na'urarsa. In ya zauna cikin mota aka yi tafiyar kilomita biyar, zai gaya maka abin da ke damunta, kuma in ka kwance haka za ka tarar. Da wannan ya ci abinci shekara talatin, ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya.

Yaya kuwa tsohon direban babbar mota ne. Shekara talatin da ɗaya yana kan hanya, in ji shi ko kaza bai taɓa takawa ba. Da ya ajiye aikin sai ya sayi gona a bayan gari, ya dasa lemu, ya zuba kaji. Daga gari kilomita arba'in ne a kwalta, sannan a sauka a yi kilomita biyu cikin yashi, a tsallake wani rafi. Ƙaramar mota ba ta shiga. Shi ya sa ya sayi tsohuwar fowil, irin mai jan ƙafa huɗu, fara ce a da amma ta koma ruwan ƙasa. Sau biyu a mako yake loda ƙwai da lemu ya kawo gari da kansa.

Irin motar nan ta da ce. A tsakiyar kowace tayar gaba akwai wani abin murɗawa kamar murfin kwalba, hob ake ce masa. In za ka shiga yashi sai ka sauka ka murɗa ka kulle, ka ja ƙaramar giya, ƙafa huɗu su ja. In ka hau kwalta sai ka mayar da giyar, ka sauka ka buɗe hob, tayoyin gaba su yi ta juyawa su kaɗai, shaf ɗin gaba, wato sandar ƙarfen da ke kai musu ƙarfin inji, ya kwanta ya huta.

Wata Talata Yaya ya shigo gareji bai ko kashe inji ba.

"Auta, motar nan rawa take."

"Wace irin rawa?"

"Da na kai tamanin sai ta fara. Kamar an ɗaura min injin niƙa a ƙarƙashin kujera."

Auta ya goge hannu, ya zagaya motar yadda ya saba zagaya kowace mota. Ya doki kowace taya da ƙafa, ya tsuguna a tayoyin gaba, ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe. Suka hau babban titi, shi yana tuƙi. Tamanin, casa'in, ɗari. Motar tana tafiya sumul kamar an shafa wa titin mai.

"Ina rawar?"

"Ɗazu tana yi."

"To yanzu ta ga ubangidanta."

Duk da haka ya kwance tayoyin huɗu ya tura wa mai faci ya ɗora a injin balansi. Yaya ya koma gona, ya bugo waya ya ce, "Ka gyara, lafiya lau na iso." Ran Juma'a sai ga shi, fuska a murtuke. Rawa ta dawo.

A zuwa na biyu Auta ya shiga rami ya girgiza shaf ɗin baya. Bai ji wani wasa ba, amma ya canza kuros ɗinsa, wato gaɓar da ke ƙarshen shaf ɗin, don zuciya ta kwanta. A na uku ya mayar da tayoyin gaba baya, ya duba robobin da inji ke zaune a kai, ya ɗaga motar da jak ya juya kowace taya yana kallon ko rim ya lanƙwashe. Babu komai. Shaf ɗin gaba kuwa ko kallonsa bai yi ba. A kwalta ba ya juyawa, abin da ba ya juyawa kuma ba ya rawa. Kowane zuwa labarin ɗaya ne: Yaya ya zo yana rantsuwa mota na rawa, a fita gwaji ba a ji komai, ya koma gida lafiya, bayan kwana uku ya dawo da kukan.

A zuwa na huɗu babbar 'yar Yaya ta biyo shi. Nas ce a asibiti, daga aiki ta taho da farar rigarta. Su biyun Likita suke ce mata, rabi wasa rabi tsoro. Ta shiga kujerar baya ta zauna. Auta ya zagaya motar, suka fita, suka kai ɗari, suka dawo. Ko madubi bai motsa ba.

Mai faci ya kawo wa Yaya shayi, suka zauna a benci suna hira. Nas ta ja baffanta gefe, bayan wata mota da aka buɗe wa bonet.

"Baffa, dubi hannunsa."

Ya duba. Kofin yana ɗan kaɗawa a hannun Yaya. Ba sosai ba, amma shayin yana motsi.

"Shekarunsa sittin da takwas," in ji Auta. "Ke ma in kin kai nan za ki kaɗa."

"Baffa, ni ina ganin irin wannan kullum. Mutum jikinsa ke karkarwa, ya riƙe sitiyari, ya ɗauka mota ce. Sau huɗu ke nan kana dubawa. Ni ma yau na shiga, ban ji komai ba." Ta rage murya. "Mun yi magana da ƙannena. Ran Asabar zan karɓi makulli, mu samo masa direba. Sai dai in kai ka ce motar ce. Maganarka nake jira. In ka ce motar ce, na yarda."

"Ni ba na faɗin abin da ban ji ba."

"Shi ya sa na zo wurinka."

Ashe Yaya ya san zancen. Da zai tafi ya hau mota, ya ja ƙofa, ya leƙo ta taga. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi sauƙi.

"Auta, ni na koya maka riƙe sitiyari. Ni za a ce ban san rawar mota da rawar hannuna ba?"

Ya ja ya tafi.

Auta ya san abin da makullin nan yake a wurin Yaya. Ranar da aka sa wani ya tuƙa shi, shi yana gefe da kiret ɗin ƙwai a cinya, ranar ce za a fara ƙirga masa kwana. Amma shi ma ba zai buɗe baki ya yi ƙarya ba. In da gaske hannun ne, ya rufa masa asiri, gobe ya afka wa tirela, wa ya kashe shi?

Da la'asar ya rufe gareji ya tafi gida. Ya bi ta madafa ya sha ruwa, ya wuce tsakar gida ya zauna a kan tabarma. Can sai ya ji muryar matarsa.

"Wa ya kashe min gas?"

"Ni ban taɓa ba."

Ta fito da ludayi a hannu. "Mu biyu ne a gidan nan. Na ɗora tukunya, na shiga ɗaki, na dawo wuta a mace, an murɗe tukunyar gas tamau. Aljani ne?"

"Na ce miki ruwa kawai na sha."

"Haka ka ce ranar da ka rufe min famfo ina tarar ruwa a bokiti. Haka ka ce ranar da ka zare wayar firji. Malam, hannun nan naka ba ya neman izininka. Shekara ashirin da takwas ina kallonsa, duk abin da ake murɗawa in ka wuce sai ya murɗa."

Ya dubi hannun, ya juya shi. Hannu ne dai, baƙin mai a ƙarƙashin farce. Ya yi tsaki.

Da suna cin abinci ya ba ta labarin Yaya. Ta saurara har ya gama.

"Kai kullum motar ce ke zuwa wurinka?"

"To da ni zan je wurinta?"

"Me zai hana? Ni in na je asibiti ciwona ɓuya yake, sai na dawo gida ya fito. Ka je ka same ta a gidanta, ka zauna a gefe kamar kowa, shi ya tuƙa."

Ya so ya ce mata mota ba mutum ba ce. Amma ba shi da wata dabarar da ta fi wannan.

Ran Asabar da safe Nas ta ɗauke shi a ƙaramar motarta. Suka ajiye ta a mahaɗa, inda ake barin kwalta a shiga yashi, gaban wani shago, suka taka sauran kilomita biyun a ƙafa. A rafi ta cire takalmi ta riƙe a hannu, shi ya naɗe wando. Iska tana kaɗawa da ƙamshin lemu, rabonsa da jin shiru irin wannan ya daɗe.

"Yau ni ba bakanike ba ne," ya ce mata. "Fasinja ne. Ko ƙusa ba zan taɓa ba. Ki zama shaida."

"Zan zama kuwa, Baffa."

Sun tarar Yaya ya riga ya loda kaya, ya sa hularsa ta tuƙi, wadda ta fi Nas shekaru. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"An zo karɓar makulli da ɗan sanda ke nan?"

"An zo cin ƙwai," in ji Auta. "Tuƙa mu tafi."

Ya shiga gaba ya cusa hannuwansa a hammata. Nas ta shiga baya, idonta a kan sitiyari. Yaya ya hau a hankali, ya sa hannu ya jawo ƙafarsa ta hagu ciki. Ya ja ƙaramar giya, motar ta ratsa rafi, ta keta yashi ba gardama. Tuƙin Yaya yana nan yadda yake, ba fizga, ba ƙwai ɗaya da ya yi ƙara. A bakin kwalta ya tsaya, ya mayar da ƙaramar giya, ya dubi dama da hagu, ya hau titi. Auta ya ga nasa hannun na dama ya fito daga hammata ya kama marfin ƙofa. Bai san me ya je yi ba. Ya mayar da shi.

Sittin, ba komai. Saba'in, ba komai. Auta ya saci kallon Nas ta madubi, ita kuma ta sunkuyar da kai.

Allurar maleji na taɓa tamanin abin ya taso. Ta ƙasa ya fara, wani gurnani siriri, ya hau tafin ƙafa, ya hau kujera, ya shiga haƙori. Madubin tsakiya ya yi dishi-dishi har ba a gane fuska. Kiret ɗin ƙwai suka kama kuka a baya.

"Innalillahi! Mene ne wannan?" in ji Nas, ta riƙe kujerar gaba.

Yaya bai ko juyo ba. "Hannuna ne, Likita. Yau har kujerarki ya kai."

Auta ya fashe da dariya. Wallahi bai taɓa jin daɗin lalacewar mota irin na ranar ba. Ya gyara zama. Yanzu aiki ya zo gidansa.

"Riƙe ta a nan, Yaya, kar ka ƙara kar ka rage."

Ya ɗora yatsa biyu a kan sitiyari. Yana tsuma, amma ba ya kaɗawa hagu da dama.

"Ba tayar gaba ba ce. In ita ce, sitiyari zai yi ta girgiza kai kamar mai cewa a'a." Ya dafa kujera. "Ba ta baya ba ce kuma. Rawar taya a hankali take, kina iya ƙirga ta. Wannan kuwa ji ta, kamar injin aski. Abin da ke yin ta ya fi taya saurin juyawa. Sa ta a firi."

Yaya ya fitar da giya. Ƙarar inji ta faɗi, rawar tana nan.

"Inji ya fita. Taɓa birki kaɗan."

Ya taɓa. Ba ta canza ba.

"Birki ma ya fita. Saura shaf."

"Ba ka ce ka canza wani abu a shaf ɗin ba?" in ji Nas.

"Na baya. Cire takalminki ki taka ƙasa. Ya kika ji?"

"Ina ji, amma ba sosai ba."

Shi ma ya tuɓe takalmi ya shimfiɗa tafin ƙafarsa. A wurinsa har yatsu ke tsalle. Ya kama ƙaramar giya, ya ji ta tana zuzu a tafin hannunsa kamar ya damƙi zanzaro. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Wannan maganar shaf ɗin gaba ce, shi kuwa shaf ɗin gaba ba shi da dalilin juyawa a kwalta.

"Tsaya a gefe."

Yaya ya sauka daga titi ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiya. Auta ya fita ba takalmi, kansa cike da tunani. Ya zagaya motar. Ya doki taya da ƙafa. Ya tsuguna a tayar gaba yana leƙen ƙarƙashi.

"Baffa!" Nas ce ta leƙo ta taga. "Ka ce ko ƙusa ba za ka taɓa ba."

"Ai ban taɓa..."

Ya duba. Hannunsa yana kan hob, ya riga ya murɗa shi rabi.

Ya daɗe a tsugune yana kallon hannun. Wata tanka ta wuce, iskarta ta kaɗa masa riga. Ya tuna tukunyar gas, ya tuna ludayi.

"Yaya, hob ɗin nan a kulle yake."

"To da a buɗe zan ratsa rafi?"

"In ka zo gareji ma a kulle yake zuwa?"

"A kulle. Kai ne kake buɗewa."

"Ni?"

"Kai mana! Duk zuwana sai ka tsuguna ka buɗe. In na koma mahaɗa sai na sauka na sake kullewa ina zaginka."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Me zan faɗa? Tun kana yaro haka kake, ba ka ganin kayan mutane ka bari. Rediyon babanmu ma wa ya kwance?"

Nas ta fito ta tsaya a kansu. "Ni fa ku fahimtar da ni."

Auta ya nuna mata. "In wannan a kulle yake, taya tana jan shaf ɗin gaba yana juyawa, ko da an mayar da giya. Babanki yana zuwa da shi a kulle, mota na rawa. Ni kuma kafin mu fita gwaji sai hannuna ya buɗe, ban sani ba. Shaf ya kwanta, rawa ta ɓace. Ya koma gida lafiya, ya kulle a mahaɗa, bayan kwana uku ya dawo da ita. Sau huɗu ina ɓoye wa kaina ciwon da nake nema."

Ya juya wurin Yaya. "Amma kai a da kana buɗewa da ka hau kwalta. Na sha gani. Yaushe ka daina?"

Yaya ya kama gyaran hula. Ya dubi titi, ya dubi bishiya.

"Baba?"

"Wata biyu," ya ce a hankali. "Gwiwa ce. In na tsuguna ba na iya tashi sai na dafa mota. Na ce in bar shi a kulle in huta." Sai kuma ya ɗaga murya. "Kuma kar ku ɗora min! Hob a kulle ba ya sa mota rawa in shaf lafiya yake. Sai dai ta ɗan ƙara shan mai. Ƙarya na yi, Auta?"

"Gaskiya ne."

Ya karɓi buhun da Yaya ke rufe lemu da shi, ya shimfiɗa, ya shige ƙarƙashin motar. Shaf ɗin gaba ƙarfe biyu ne, ɗaya yana shiga cikin ɗaya da haƙora. Dole kunnuwan wannan ƙarshen su kalli inda na wancan ƙarshen suke kallo, in aka saɓa ko da haƙori ɗaya ne sai ya yi ta fizga in ya yi gudu. Shi ya sa duk lokacin da Auta zai raba su sai ya ɗiga farin fenti a nan, ya ɗiga a can, don ya mayar yadda ya tarar. Ya sa babban yatsa ya goge ƙura. Ga ɗigon fentinsa na farko. Ga na biyu. Tsakaninsu haƙori biyu.

Nan take ya tuna ranar. Bara ne, yana canza wa motar kuloci, aka bugo waya cewa 'yarsa tana asibiti za ta haihu. Ya zura shaf ɗin yadda ya shiga, ya ɗaure, ya ce a ransa ai wannan ba ya juyawa a kwalta, gobe na gyara. Aka haifi jika, gobe ta bi ruwa.

Ya kwanta yana kallon ɗigon biyu. Daga nan ƙafafu kawai yake gani, takalmin Yaya da na Nas. In ya ce kuros ne ya cinye, ba wanda zai leƙo ya duba. Yaya ba ya iya tsugunawa, ita kuma ba ta san kuros ba.

"Ka yi barci ne a ciki?" in ji Yaya.

"Aikina ne."

"Me?"

"Na ce aikina ne! Ni na ɗaura shi a karkace ranar kuloci. Miƙo min sifana sha huɗu guda biyu, ka daina tambaya."

Yaya ya yi wata dariya da sai da ya dafa bonet. "Likita, kin ji? Rubuta a takardarki. Wanda za a karɓe wa makulli yana ƙarƙashin mota."

Aikin bai kai rabin awa ba. Ya kwance ƙusoshi huɗu, ya zare shaf ɗin, ya juya shi haƙori biyu har ɗigo ya kalli ɗigo, ya mayar, ya ɗaure. Ya fito bayansa duk ƙasa. Ya mayar da hob ɗin da ya fara buɗewa ya kulle shi tamau, ya nuna wa Nas duka biyun don ta gani da idonta.

"A kulle za mu tafi. In ta yi rawa, ni ku karɓi sifanuna."

Yaya ya ja. Saba'in. Tamanin. Casa'in, madubi tas, har Auta yana ganin idon Nas a ciki. Ɗari. Ba abin da ake ji sai iska da ƙarar taya. Yaya ya saki hannu ɗaya ya ɗora gwiwar hannu a taga, yadda yake yi tun Auta yana zama a gefensa da gajeren wando.

Nas ta matso daga kujerar baya.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Ba komai. Ai boko ne ya yi miki yawa."

"Makullinka naka ne. Amma gwiwar nan tawa ce. Ran Litinin za a duba ta, a duba hannun ma, don yana kaɗawa, ba ƙarya na yi ba."

"A kan kofi yake kaɗawa. Kin ga ya kaɗa a sitiyari?"

"Ban gani ba. Duk da haka za a duba."

Yaya ya gyara hula. "Ni zan tuƙa kaina zuwa asibitin."

"Na yarda. Ni kuma a gaba zan zauna."

"Motarki fa?" in ji Auta. "Mun bar ta a mahaɗa."

Ta dafe kai. Su biyun suka sa mata dariya, ita ma ta yi. Aka tsayar cewa in an sauke ƙwai Yaya zai mayar da ita ta ɗauka.

A gareji mai faci ya taso yana tambayar ko an gano. Auta ya ce an gano, ya wuce ciki. Yaya kuwa ya tsaya a tsakar fili ya ba da labarin tun daga ranar kuloci, da ƙari, har masu shagon kayan gyara na tsallaken titi suka leƙo. Auta ya nufi teburinsa. Ya samo guntun bututu mai tsawon kamu biyu, ya yanka masa baki daidai kan hob, ya lanƙwasa masa mariƙi, don Yaya ya riƙa murɗawa a tsaye ba sai ya tsuguna ba. Ya jefa masa a bayan kujera. Yaya ya sauke kiret ɗaya na ƙwai ya ajiye a kan teburin ƙarfe.

"Wannan na matarka ne, ba naka ba. Likita ta gaya min ita ta turo ka."

Da za su tafi Auta ya rako su. Ya zo wucewa ta gefen tayar gaba, ya haɗa hannuwansa biyu a baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, ya bi ta nesa kamar mai kewaye kare. Yaya yana kallonsa daga kujerar direba.

"Auta."

"Na'am."

"To buɗe mana hob ɗin mana. Kwalta za mu hau. Ko sai na sauko da gwiwar nan?"

"Ga bututu nan na yi maka."

"Bututun na mahaɗa ne. Nan kuma ina da ƙane."

Auta ya saki hannuwansa, ya tsuguna.